Bindigar da Ta Fashe a Hannun Sahabi

Na san abin da ake faɗa muku a kaina, ko da yake a cikinku babu wanda ya taɓa maimaita mini shi. Na gan shi a fuskar yayarku Habiba ranar da ta dawo daga wani biki na dangi ta shige ɗaki ba ta ci tuwo ba. An ce ubanku ne ya kai ƙanensa ga igiya da bakinsa. Rabin zancen gaskiya ne, ba na musu. Amma wanda ya ba ku rabi ya riƙe rabi bai kyauta muku ba, bai kyauta wa baffanku Sahabi ba. Yanzu da hannuna ya daina riƙe masaba, ido kuma ya fara janyewa, gara ku ji shi dukansa daga gare ni, tun ina iya faɗa.

Mu maƙera ne tun kaka da kakanni. A tungarmu da ke kusa da Adabka, wadda ƙananan cikinku ba su santa ba sai a labari, rumfar ƙirarmu tana bakin hanyar rafi, kuma uwar maƙerar da nake dukan ƙarfe a kanta ita ce wadda babana ya gada daga nasa uban. Galma muke yi, da kwasa, da lauje, da gatari, da wuƙa. Idan rani ya yi, maharba su kawo aikin bindigar toka. A wancan zamani ba wanda yake kiran wannan laifi. Mai gari ma yana da tasa a rataye a zaure. Bututun sitiyarin tsohuwar mota muke nema, mu gyara shi, mu sassaƙa masa ƙota, mu ɗaura kunama. Kowane gidan ƙira yana da alamarsa. Tamu ƙafar kaza ce, zane uku masu haɗuwa, da ake bugawa da kurfi tun ƙarfe yana ja. Ni na ƙara mata ɗigo ɗaya a gefe don a rarrabe aikina da na babana. Duk abin da ya fita daga hannuna, daga lauje har bindiga, yana ɗauke da ita.

Sahabi shi ne autan Inna. Tsakanina da shi akwai shekaru masu yawa da kaburbura da dama, don haka lokacin da babanmu ya rasu ni na ƙarasa renonsa. Bai so ƙira ba. Idan na zaunar da shi kan zugazugi, kafin ƙarfe ya yi ja ya sulale ya nufi fadama bin zabin daji. Yaro ne mai dariya, mai saurin fushi da saurin hucewa. Shekarar da ya auri A'i na ƙera masa bindiga ta kansa, kyauta, 'yar siririya mara nauyi, irin ta harbin tsuntsu da zomo. Na gaya masa tun a ranar cewa bututunta ba mai kauri ba ne, kada ya kuskura ya cika mata albarushi. Daga baya ta faɗo masa daga kan bishiya ƙotar ta tsage, ya kawo mini yana sosa ƙeya, na ɗaure ta da wayar tagulla.

Da zinariya ta ɓulla a ƙasar Anka, Sahabi ya kwashe matarsa da 'ya'yansa biyu ya koma Dareta. Kun ji labarin abin da ya faru can. A cikin gidaje ake daka dutse, ƙurar tana sauka a kan tuwo da tabarma, yara suna rarrafe a cikinta. Gubar dalma ta ɗauke masa yaran biyu a damina ɗaya, suna sanƙarewa a hannun uwarsu. Ya dawo gida da A'i da ciki, da ɗan abin da ya rage masa, ya sayi shanun huɗa biyu, ya ce shi da rami har abada. Ya yi noma shekara guda. A farkon damina ta biyu, daidai lokacin da ake shirin huɗa, ɓarayin shanu suka kore su tare da na mutane da yawa. Daga nan ban ƙara jin dariyar Sahabi ba. Samarin yankin sun riga sun fara haɗa kansu, suna kiran kansu 'yan sa-kai, suna ɗaura layu, suna yawo da adduna. Da farko gadin gari suke yi, kuma kowa ya ji daɗi, har ni. Sannu a hankali abin ya koma duk Bafillacen da suka gani a kasuwa ɓarawo ne, ko mai kai wa ɓarayi labari. Sahabi ya shiga cikinsu da dukan zuciyarsa.

A bayan gonakinmu akwai rugar Arɗo Juli. Tun zamanin babana suke nan. Shanunsu ke kwana a gonarmu da rani su bar mana taki, matarsa ke kawo wa Inna nono da man shanu, gatarin da yake sassabe da shi ni na ƙera. Ɗansa Sambo saurayi ne dogo mara yawan magana, ya yi aure, matarsa tana goyon fari. Wata ranar kasuwar Adabka, bayan la'asar, Sambo yana dawowa da kanwar shanu a bayan kekensa, aka harbe shi a mashaya, inda hanya take gangarawa cikin rafi. Mata masu ɗibar ruwa sun ji ƙara, suka ce ba irin ƙarar bindigar da suka saba ji ba ce, kamar an fasa dutse. Da suka isa, Sambo yana kwance rabin jikinsa a ruwa, ƙirjinsa a huhhuje. A cikin kaba, ɗan nesa kaɗan, ga bindiga a yashe, bututunta ya tsage ya buɗe kamar karan dawa, ga jini a ƙotar, ga jini yana bin ganye ya nufi daji. Mai harbin ba wanda ya gan shi.

Sahabi bai kwana gida ba a ranar. Da ya dawo, hannunsa na dama a naɗe yake da tsumma, yatsu biyu babu. Ya ce wa Inna ya je neman aikin kwana biyu wurin masu zinariya, injin niƙan dutse ya kama shi. Inna ta yi salati ta yi kuka, ta sa aka dafa ganye. Ni kuwa da na sunkuya na duba, sai na ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo sun shiga fatarsa tun daga wuyan hannu har kumatunsa na dama. Wanda ya tashi a maƙera ya san ƙunar albarushi. Injin niƙa ba ya barin wannan a fuskar mutum. Na dube shi, ya kau da kai. Na shiga ɗakinsa na duba ƙusar da yake rataye bindigarsa, babu komai a jikinta. Na fito na koma rumfa na zauna, ban hura wuta ba ranar.

Arɗo Juli bai yi abin da kowa ya zata ba. Samarin ruga sun so su shiga daji su kira masu manyan bindigogi. Ya hana su. Ya ɗauki gawar ɗansa da fasasshiyar bindigar ya kai wa 'yan sanda a Bukkuyum, likita ya duba gawar kafin a binne. Bayan an yi addu'ar bakwai, da hantsi, sai ga shi a bakin rumfata da sandarsa a kafaɗa. Ya rame har malafarsa ta yi masa yawa. Na shimfiɗa masa buzu, na sake yi masa gaisuwa. Ya dubi tokar murhu, ya ce:

"Maƙeri, ni na ɗauko bindigar nan daga cikin kaba da hannuna. Na juya ta. Abin da ag ga gatarina, shi ag gare ta."

Na ce, "Arɗo, bindigogi da yawa sun fita daga rumfar nan."

"Na sani. Shi ya sa ban ce kai ne ba, ban ce wane ne ba. Ban faɗa wa hukuma ba, ban faɗa wa yarana ba. In na faɗa musu, garin ga ba ya kwana. Na ce musu su dakata, akwai shari'a. Suna yi mini dariya, Maƙeri. Sun ce shari'a ba ta Bafillace ba ce. Kai ka san wanda ka ƙera wa ita. Ni ba ni roƙonka. Na zo in shaida maka na gani, kuma Allah ya gani."

Ya tashi ya tafi, ruwan da na kawo masa ma bai sha ba.

Da yamma na ja Sahabi bayan rumbu. Ban yi masa kwana-kwana ba. Ya ce an tabbatar musu Sambo ne ya nuna wa ɓarayi inda shanun gari suke. Na ce wa ya tabbatar? Ya ce kowa ya sani. Na ce kai ka gani? Sai ya ɗaga dungulmin hannun ya kai shi kusa da fuskata.

"Yaya, ɗiyana biyu na binne da hannun ga. Shanuna sunka tahi. Wa aka kama? Wa ya zo ya tambaye ni? Yanzu don an kashe Bafillace guda shi ne za ka tsare ni da tambaya?"

"Sambo ne ya kashe maka ɗiya?"

Ya ce dai ya cika mata albarushi ninki biyu, ya ɗura mata ƙwallayen boris na keke, don yana tsoron kada harbi ɗaya ya ƙi kayar da shi. Abin da ya faɗa ke nan, kamar mai ba da labarin farauta.

Hannun ya ƙi warkewa. Ya kumbura ya fara wari, zazzaɓi ya rufe shi, dole aka ɗauke shi a babur zuwa asibiti a Gummi. Ashe 'yan sanda sun riga sun bar saƙo a asibitocin yankin cewa duk wanda ya zo da hannu a fashe a sanar da su. Likita ya ciro wani ɗan tsinin ƙarfe daga tafin hannunsa, ya adana. A kan gadon asibiti aka sa masa ankwa. Ya tsaya a kan maganarsa: injin niƙa ne. Abokansa 'yan sa-kai suka haɗa kai suka ɗauko masa lauya daga Gusau, kuma mutane uku suka shirya rantsuwa cewa tare suke da shi a wurin zinariya ranar da aka yi kisan.

Lauyan mutum ne mai hankali, bai ce in yi ƙarya ba. Ya zo gidanmu ya zauna a zaure ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce a shari'ar kisan kai sai an tabbatar wa alƙali cewa mutum ya mutu, da abin da ya kashe shi, da kuma cewa makamin a hannun wanda ake tuhuma yake. Na farko da na biyu sun tabbata, domin likita ya ciro ƙwallayen boris daga ƙirjin mamaci, kuma an sami irinsu maƙale a gindin bututun. Na ukun ne babu. Ba wanda ya ga mai harbi. Tsinin ƙarfen da aka ciro daga hannun Sahabi an kai shi bincike, an ce ya yi kama da ƙarfen bututun, amma injin niƙa ma ƙarfe ne, ana iya jayayya a kai. Bindigar toka ba ta da lamba kamar ta hukuma, ba ta da takarda. Idan ba a sami wanda zai ce bindigar nan ta wane ce ba, ƙarar za ta faɗi. Sannan ya dube ni ya ce an fara zagayawa da ita wurin maƙeran yankin, za a iso kaina, kuma in sani cewa ƙera bindiga ba da izinin hukuma ba shi ma laifi ne mai ɗauri. Ya ce doka ba ta tilasta wa mutum ya jefa kansa. Ya yi sallama ya tafi.

A ranar gidanmu ya zama kamar kasuwa. Inna ba ta faɗin sunana, don ni ne ɗanta na fari; Babba take ce mini. Ta sa aka kira ni ɗakinta. A'i tana zaune a ƙasa da ɗan yaronta, innarku tana tsaye a bakin ƙofa.

Inna ta ce, "Babba, na ji abin da mai baƙar riga ya ce. Magana ta ƙare. In sun zo, ka ce bindigogin da ka ƙera sun fi a ƙirga, ba ka tuna wa ka ba."

Na ce, "Inna, na tuna."

"To ka mance! Ciki guda kunka hito. Hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yas. Shi wanda ya mutu ya mutu, maganarka tana tashe shi?"

"Alƙur'ani za su ba ni in dafa."

"Ka dafa, ni na ɗauki zunubin. Ranar gobe ka ce uwarka ta sa ka."

A'i ta tashi daga inda take zaune. Ta matso ta ajiye yaron a kan ƙafafuna, ta koma ta zauna. Wannan ya fi mini duk maganar Inna nauyi. Innarku ce kaɗai ta buɗe baki daga bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa, ta ce ita ma matar Sambo goyo gare ta. Inna ta juya ta yi mata kallon da har suka rabu a duniya bai goge ba.

Kada ku ɗauka na yanke shawara nan take kamar wani waliyyi. Na yi kwanaki ina juya abin. Na je wurin limaminmu ban faɗi suna ba, na tambaye shi hukuncin wanda ya ɓoye shaida, ya karanta mini ayar, kuma daga yadda ya ƙi haɗa ido da ni na gane ya san wanda nake nufi, kuma ya fi son kada in sake tambaya. Na yi tunanin gudu zuwa Kebbi har ƙura ta lafa. Na yi tunanin cewa an sace bindigar daga ɗakin Sahabi. Abin da ya hana ni sakat shi ne tsohon nan da ya danne samarinsa da kalma ɗaya, shari'a, alhali ya san alamata, kuma da ya so da bakinsa kaɗai ya isa a ƙone tungarmu. Ya ba ni amanar da ban roƙa ba. Kuma ni na san Sambo. A gabana ya girma, a rumfata yake tsayawa in wasa masa adda. Na kasa samun hanyar da zan ce ban san bindigar da ta kashe shi ba, sannan gobe in tashi in yi alwala.

Da sajan ɗin ya zo, da rana tsaka ya zo, shi da wani ɗan sanda, bindigar a naɗe cikin buhu, an ɗaura mata 'yar takarda a wuya. Mutane suka taru a bakin rumfa, har da shugaban 'yan sa-kai yana jingine da babur. Sajan ya warware buhun ya ce kada in taɓa inda jini yake. Na juya ta da gefen riga. Ga ƙafar kaza, ga ɗigo, ga wayar tagulla.

Ya ce, "Baba, ka san aikin wane ne wannan?"

Na ce, "Aikina ne."

"Ka tuna wanda ka yi wa?"

Na ce, "Ƙanena Sahabi."

Sajan ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a hankali ko na gane abin da na faɗa ya shafe ni ni ma. Na ce na gane. A motar da suka zo da ita suka tafi da ni. Suka kwashe kayan rumfa a matsayin kayan shaida, masabu da awartaki da bututun da ban riga na taɓa ba, har da uwar maƙerar kakana, wadda sai da ƙarti huɗu suka ɗaga ta. Na yi watanni a tsare kafin a ba da belina, daga baya aka ci ni tara kan ƙera makami, aka hana ni sake yi.

Shari'ar Sahabi ta ja lokaci a babbar kotu a Gusau. Ranar da aka kira ni, na ga bindigar a kan tebur gaban alƙali, da ƙwallayen boris a cikin 'yar kwalba, da tsinin ƙarfen a wata. Abin da na ƙera don murnar aure, ga shi an ba shi lamba ana nuna shi da tsinken biro. Sahabi yana cikin akwatin masu laifi, ya yi fari, bai ɗago ba. Na dafa Alƙur'ani, tafinta yana juya maganata. Lauyan gwamnati bai daɗe da ni ba. Lauyan Sahabi ne ya yi aikinsa, kuma ban ga laifinsa ba. Ya tambaye ni bindiga nawa na ƙera a rayuwata, na ce ban ƙirga ba. Ya ce ashe wani maƙeri ba zai iya kwaikwayon alamata ba? Na ce zai iya. Ya ce to ta yaya na san wannan ita ce ta Sahabi ba wata ba? Na ce ƙota ɗaya na taɓa ɗaurewa da tagulla, kuma ni bahago ne, murɗin wayata hagu yake bi. Alƙali ya sa aka miƙa masa ya duba da kansa. Ya rubuta. Daga bayan kotu na ji muryar A'i ta fashe da kuka, aka fitar da ita. Shaidun nan uku kuwa, da aka rarraba su aka yi musu tambaya, kowa ya faɗi sunan ramin zinariya daban.

An yanke wa Sahabi hukuncin kisa ta hanyar rataya. A bakin kotu Arɗo Juli ya zo ya tsaya kusa da ni. Bai yi godiya ba, ni ma ban so ya yi ba. Ya ce Allah ya ba mu haƙuri ni da shi, ya tafi neman mota.

Kafin in iso gida Inna ta kwashe kayanta ta koma wurin gwaggonku a Gummi. A'i ta koma gidan iyayenta da yaron. A tunga, wanda zai sayi lauje sai ya tafi har Adabka da ya tsaya a rumfata. A masallaci idan na shiga sahu sai in ga gefena ya yi fili. An jefa mana mataccen kare a rijiya. Da an ce wannan ne kaɗai kuɗin da zan biya, kuma garin ya zauna lafiya, da na ce ciniki ya yi. Amma ba haka ya kasance ba. Kafin shekara ta zagayo, wasu 'yan sa-kai na wani gari suka tare Arɗo Juli a hanyar kasuwa suka yanka shi, tsohon da ya kai gawar ɗansa gaban hukuma. A wannan karon babu makamin da aka bari a wurin, babu wanda aka kama. Samarin rugar da ya danne suka kora shanunsu suka shiga daji, kuma da suka dawo ba da sanda suka dawo ba. Ranar da aka shigo tungarmu da manyan bindigogi, wasunku suna da wayo, ba sai na faɗa ba. Kwanson harsashi ya cika hanyar rafi kamar an zubar da gyaɗa, yara suna tsinta, ba wanda ya zo ya naɗe ko ɗaya a buhu ya ɗaura masa takarda. Haka muka baro gonakinmu muka zo Gummi muka kama ɗakin haya.

Mutane suna cewa, to me shaidar taka ta hana? Ban hana komai ba. Abin da na sani kawai, an kashe mutum ɗaya a mashaya, an tambaye ni abin da na sani, na faɗa.

Inna ta yi shekara biyu muna gari ɗaya ba ta amsa gaisuwata ba. Kowace Juma'a ina zuwa in durƙusa a bakin ƙofarta in gaishe ta, ta juya fuska bango. A ciwonta na ƙarshe, gwaggonku ta gaya mini cewa bayan na fita takan tambaya ko na ci wani abu, don ta ga na rame. Da ni dai ba ta yi magana ba har ta cika. Ni na shiga kabari na karɓe ta.

Baffanku yana nan da rai. Ba a zartar da hukuncin ba, ba a kuma soke shi ba. Yana cikin masu jira. Shekaru da dama idan na je gidan yari sai ganduroba ya dawo ya ce ya ƙi fitowa, in bar ƙunshin ƙuli-ƙuli da sabulu in juyo. Bayan rasuwar Inna na je in kai masa labari da bakina, sai ga shi ya fito. Gashinsa ya yi fari fat, ya fi ni tsufa a ido. Na faɗa masa, ya yi salati, ragar waya tana tsakaninmu. Na zaci zai zage ni, kuma na shirya ɗauka. Sai ya ce:

"Yaya, akwai abin da ban faɗa wa lauya ba, ban faɗa wa kowa ba. Ya gan ni. Kafin in ɗaga bindigar ya hango ni cikin kaba. Ya sauko daga keke, ya cire takalmi, ya ce, Baba Sahabi, ina wuni, an fito farauta?"

Ya kifa goshinsa a jikin wayar.

"Kullum sai ya gaishe ni, Yaya. Kullum."

Ganduroba ya ce lokaci ya yi. Na sa yatsuna ta ramin wayar, ya ɗora abin da ya rage na hannunsa a kai, sannan aka tafi da shi.

To kun ji. Ban faɗa muku wannan don ku yi alfahari da ni ba, ban kuma yarda ku ƙi baffanku ba. Ɗansa yana Bukkuyum wurin dangin uwarsa, an raine shi da ƙin sunana, kuma yana da hujja. Ku neme shi ko ya kore ku, ku sake komawa. Shi kuwa Sahabi, ranar ziyara ba ta canza ba. Haƙoransa sun zube, ku riƙa kai masa abu mai laushi. Idan na riga shi tafiya, kada ku bari ya ji a bakin ganduroba. Ɗayanku ya je ya faɗa masa.